Gani Ya Kori Ji: Wa Ke Riƙe da Kyamara a Yaƙin da Ba Shi da Fage?

A daren Juma'a, 1 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Saya-Saya da ke Ƙaramar Hukumar Ikara, suka buɗe wa masallata wuta a lokacin sallar isha'i. 'Yan sandan Jihar Kaduna sun tabbatar da mutuwar mutum bakwai. Kafin hantsi labari ya kai Zariya, ya kai Kano, ya ƙetare teku. Amma duk wanda ya san yadda rayuwa take a ƙauyukanmu ya san irin wannan dare ba ya samun ƙwararren mai ɗaukar hoto a kusa. Wanda ke Kaduna sai gari ya waye zai ji, sai ya nemi izinin edita da kuɗin mota, ya yi tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Zariya, sannan ya kama hanyar Ikara. Mu kuwa Musulmi ba ma ajiye gawa. Kafin ya iso an yi wanka, an yi sutura, an yi salla, an kai su makwanci. Abin da zai tarar shi ne ƙasa mai danshi a maƙabarta, da tabarmar zaman makoki, da ramukan harsashi a jikin bango.

Daga nan tambayar da ke damuna ta samo asali. Idan aka ce mai ɗaukar hoton yaƙi, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne Bature sanye da rigar sulke da hular kwano, kyamara biyu rataye a wuya, yana biye da sojoji. To mu a nan, wa ke yin wannan aiki? Da me yake yin sa, kuma wa ke tsaya masa idan ta ɓaci?

Ikara da Makarfi da Kudan, inda muke, ba su yi suna da yaƙi ba, kuma muna roƙon Allah kada su yi. Makarfi da rake aka san ta, Ikara da tumatur, Hunƙuyi da kewayenta a Kudan kuwa har inabi ake nomawa. In aka kwatanta da Birnin Gwari ko Giwa ko Igabi ko Chikun, sai a ce mu a inuwa muke. Sai dai inuwar ta kusa da gobara ce. Kudan na maƙwabtaka da Giwa, kuma kasuwanninmu da aurenmu da makarantunmu duk a haɗe suke da Zariya, inda bam ya tashi a sakatariyar Sabon Gari ranar 7 ga Yuli, 2015 ya kashe sama da mutum 20, inda kuma aka kutsa cikin Kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai da malamai. Wannan yaƙi ba shi da fagen daga da za a ce ga shi can. Yakan faɗo gona ne, ko masallaci, ko ɗakin kwanan ɗalibai, ya yi awa guda ya koma daji. Saboda haka mai ɗaukar hoto a ƙasarmu ba kasafai yake ɗaukar faɗan kansa ba. Abin da faɗa ya bari yake ɗauka.

Kada wani ya raina wannan. Hoton gawarwaki a jere cikin likkafani, limami a gaba, sahun jama'a a baya, ya zama kusan hoton da ya fi kowane yawa daga Arewa maso Yamma, kuma akwai dalili. Bayan kowane hari akan sami lissafi biyu, na hukuma da na mutanen gari. Hukuma ta ce goma, dagaci ya ce talatin. Likkafani kuwa ana iya ƙirga shi. A Tudun Biri ta Igabi, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi. Da farko rundunar sojin sama ta ce ba ita ba ce, daga baya rundunar sojin ƙasa ta amsa cewa nata ne, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa kuma ta ce an binne mutum 85. Hotunan da suka fito daga wannan ƙauye washegari, na yara da mata a jere a bakin babban kabari, su suka toshe duk wata ƙofar musu. Ba don su ba, ina da yaƙinin da an daɗe ana jan magana.

A kwatanta da abin da ya faru a Zariya daga 12 zuwa 14 ga Disamba, 2015, tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky. An kwashe gawarwaki an kai Mando an binne a rami guda, ba idon jarida. Sai bayan wata huɗu, a Afrilun 2016, sakataren gwamnatin jiha na lokacin, Balarabe Abbas Lawal, ya faɗa wa kwamitin bincike cewa mutum 347 aka binne. Ƙungiyar Amnesty International sai da ta koma ga hotunan tauraron ɗan'adam don nuna inda ake zaton ramin yake. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan rikici, darasin ɗaya ne ga mai aikin jarida: inda babu kyamara, gaskiya takan yi wata da watanni a ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci ma ba ta fitowa.

To amma ba a rasa kyamara a wannan yaƙi ba. Abin da ya sa lamarin ya rikice ma ke nan. Ɗan bindiga yana da tasa. Shi ya ɗauki fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris, 2022, ya nuna wa duniya ana dukansu da sanda, don iyalansu su firgita su sayar da gida da gona. Kafin shi Boko Haram ta nuna 'yan matan Chibok a bidiyo a Mayun 2014. Jami'an tsaro ma suna da tasu, mai nuna bindigogi da babura da aka ƙwato, da waɗanda aka kama an zaunar da su a ƙasa tun kafin alƙali ya gan su. Sannan ga wayar yaron gari, wanda shi ne yakan fara isa wurin, hannunsa na rawa, ya ɗauki abin da ya gani ya tura WhatsApp, ba suna, ba rana, ba wuri. Ta farko tsoro take sayarwa, ta biyu nasara, ta uku kuwa kururuwar neman agaji ce. A cikinsu babu wadda aka ɗora wa nauyin tsayawa ta tambaya: wane ne wannan, yaushe ne, a ina, wa ya gani da idonsa? Wannan tambaya ita ce sana'ar. Ba tsadar kyamara ke mai da mutum ɗan jarida ba, layi biyun da yake rubutawa a ƙasan hoto ne, waɗanda zai iya dafa Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki a kansu.

Mun ga abin da hoto maras wannan layi biyu yake haifarwa. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi a Jihar Filato, aka yaɗa munanan hotuna a Facebook ana cewa na wannan rikici ne. Binciken da BBC ta wallafa a ƙarshen shekarar ya nuna wasunsu tsofaffi ne, wasu ma ba a Najeriya aka ɗauke su ba. Amma kafin a gane haka an tare hanya an kashe matafiya da ba su ji ba ba su gani ba. Mutanen Jihar Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan ramuwar gayya. Mun ga rikicin Fabrairun 2000, mun ga na Nuwamban 2002, mun ga na Afrilun 2011, duk a lokacin da waya mai kyamara ba ta cika hannun kowa ba. Yau fa? Hausawa suka ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Amma a zamanin da kwamfuta ke iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, ganin ma sai an tambayi wanda ya nuna.

Yanzu mu zo kan mutumin da kansa, don a nan ne zuciyata ta fi tsayawa.

Ranar 22 ga Oktoba, 2011, aka harbe Zakariya Isa, mai ɗaukar hoto kuma ɗan rahoton gidan talabijin na NTA, a kusa da gidansa a Maiduguri. Boko Haram ta ce ita ta kashe shi, ta zarge shi da kai rahotonta ga jami'an tsaro. Wata uku bayan haka, ranar 20 ga Janairu, 2012, ranar da aka kai wa Kano hare-haren da suka ci rayuka sama da 180, Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels ya fita da kyamararsa don jin ta bakin waɗanda suka ga abin, aka bindige shi. Ranar 26 ga Afrilun wannan shekara bam ya tashi a ofishin ThisDay na Abuja da kuma ginin da ke ɗauke da ofisoshin jaridu a Kaduna. Ranar 22 ga Yuli, 2019, harsashi ya sami Precious Owolabi, matashi mai yi wa ƙasa hidima a Channels, a wurin zanga-zangar 'yan Shi'a a Abuja, ya rasu. A lura da mutuwar Zakariya Isa musamman: ba a fagen fama aka same shi ba, gida aka bi shi. Wannan shi ne bambancin ɗan gida da baƙo. Wakilin da ya zo daga Landan ko Legas zai yi kwana uku ya hau jirgi. Ɗan Makarfi da ya ɗauki hoton wani abu a Giwa ko Birnin Gwari, a nan zai ci gaba da cin kasuwa, an san gidan ubansa, an san makarantar 'ya'yansa. Ɗan bindiga na kallonsa a matsayin ɗan leƙen asirin soja, soja a shingen bincike na kallonsa a matsayin infoma, mutanen gari kuma wani lokaci su ce ya zo cin abinci da gawar 'yan'uwansu. Wuta uku ke nan, shi kuma a tsakiya da katin shaida na roba.

Hukuma ma ba ta sassauta masa ba. A Maris ɗin 2015 sojoji suka tsare Ahmed Idris da Ali Mustafa na Aljazeera a otal ɗinsu a Maiduguri na kimanin kwana goma, suka karɓe kayan aikinsu. Ranar 6 ga Janairu, 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri. A 2022, bayan Trust TV ta nuna shirinta kan 'yan bindiga, BBC kuma ta fitar da wanda Yusuf Anka ya shiga dazukan Zamfara ya yi, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, bisa zargin kambama ta'addanci. Ban ce wannan zargi ba shi da abin dubawa ba. Lallai ɗan bindiga yana son a nuna shi da rawani da jigidar harsashi, kuma mai kyamarar da bai yi hattara ba zai zama marokinsa. Amma maganin wannan shi ne tacewar edita mai hankali, ba rufe idon jama'a ba. Mutanen da ake karɓar haraji a hannunsu kafin su girbe gonarsu sun riga sun san fuskar mai zaluntarsu. Waɗanda ba su sani ba su ne mazauna Abuja, kuma su ne ya kamata su gani. Haka nan lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan Kaduna daga ƙarshen Satumban 2021 har kusan wata biyu, aka hana hawa babur, matakin ya takura wa ɓarayi ta wani gefe, amma ya bar ƙauyuka da dama cikin duhu: abin da ya same su a lokacin sai a bakin waɗanda suka tsira.

A takarda dai akwai kariya. Sashe na 79 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya ce ɗan jarida a wurin yaƙi farar hula ne. Sashe na 22 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ɗora wa jarida aikin sa ido a kan gwamnati. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Nuwamba don yaƙi da kashe 'yan jarida ba hukunci, ranar da aka kashe Ghislaine Dupont da Claude Verlon na RFI a Kidal ta ƙasar Mali a 2013. Amma kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ƙirga aƙalla 124 da aka kashe a 2024 kaɗai, adadi mafi yawa da ya taɓa ƙirgawa zuwa wannan shekara, kuma 85 daga cikinsu Isra'ila ce ta kashe su, akasari Falasɗinawa a Gaza. Can ma 'yan gida ne ke ɗauke da kyamara, tun da an hana baƙi shiga. Idan rigar da aka rubuta wa sunan jarida da manyan baƙaƙe ba ta tsare mai ita a Gaza ba, ina ga wanda ya shiga dajin Birnin Gwari a bayan ɗan acaɓa da rigar shadda?

Maganar rigar ma ta kawo mu ga talauci, wanda ba a cika son faɗa ba. Manyan kamfanonin dillancin labarai na duniya ba sa tura ma'aikacinsu wuri mai haɗari sai ya yi horon kare kai da na taimakon gaggawa, sai da rigar sulke, da inshora, da wanda zai riƙa bin sawunsa ta waya. Yawancin masu ɗaukar hoto a jihohinmu ba su da ko ɗaya. Da yawansu ba ma'aikatan dindindin ba ne, da kyamarar kansu suke aiki, kuma ita ce dai suke zuwa da ita biki da suna da taron siyasa don su ci abinci. In ta fashe asararsu ce. In hoton ya fita, nan da nan shafuka ɗari sun kwafe shi sun goge sunansa. Alhali abubuwan da ke ceton rai ba duka ne masu tsada ba. A san cewa bayan bam na farko akan sami na biyu, kamar yadda ya faru a kasuwar Taminus ta Jos ranar 20 ga Mayu, 2014, inda na biyun ya rutsa da waɗanda suka ruga ceto. A san yadda ake ɗaure jijiya a tsayar da jini. Kada a kunna fitilar kyamara da dare. A tuna cewa doguwar kyamara daga nesa kama take da bakin bindiga a idon wanda ke cikin tsoro. A fara zuwa gaban mai unguwa ko dagaci kafin a ɗaga ta. A bar wa wani labarin inda aka nufa da lokacin dawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar muke neman wuƙa.

Akwai kuma raunin da ba ya jini. Kevin Carter na Afirka ta Kudu ya ɗauki hoton nan na yaro mai yunwa da ungulu a bayansa a kudancin Sudan a 1993, ya sami lambar Pulitzer a 1994, bayan wata uku ya kashe kansa yana ɗan shekara 33. Har yau ana muhawara a kan ko ya kamata ya ajiye kyamara ya ɗauki yaron. A ɗaya gefen ga Mohamed Amin na Kenya, wanda hotunansa na yunwar Korem a Habasha a 1984 suka girgiza duniya har agaji ya kwarara. Ya rasa hannunsa na hagu a fashewar rumbun makamai a Addis Ababa a 1991, ya koma aiki da hannun roba. Ni a ganina amsar ba ta da wahala kamar yadda ake ɗauka. In kai kaɗai ne tsakanin mutum da mutuwa, ajiye kyamara. In akwai masu ceto, to aikinka shaida ne, yi shi da kyau. Abin da ya fi wuya shi ne daren da ke biyo baya. A al'adarmu namiji ba ya cewa ya kasa barci, sai a ce masa ya yi ta addu'a. Addu'a makami ce, amma mutumin da ya ƙirga gawar yara da idonsa yana bukatar wanda zai saurare shi, da hutu, wani lokaci da likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan a Barnawa cikin Kaduna, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Sai batun mutunci, wanda a nan ne nake ganin muna da abin koya wa duniya, in mun riƙe shi. Addini da al'ada sun hore mu da suturta mamaci. Amma ka duba abin da ke yawo a wayoyinmu bayan kowane hari: fuska a buɗe, tsiraici a waje, har uwa ta fara sanin mutuwar ɗanta daga hoton da aka turo rukunin unguwa. Wannan ba aikin jarida ba ne. Takalman da aka bari a ƙofar masallaci, ko allon yaro a cikin toka, sukan faɗi abin da jini ba zai faɗa ba, kuma mai kallo ba ya kawar da kai. Munanan hotunan a ɗauka, a adana su da rana da wuri don ranar da kotu ko kwamitin bincike zai nema, amma ba kowane abin shaida ne na talla ba. Haka yarinyar da aka sako daga daji: nuna fuskarta na iya bin ta har ranar aurenta. Haka ɗan sa-kai ko manomin da ya yi magana a kan ɓarayi: hotonsa na iya zama takardar hukuncin kisansa, domin su ma suna da waya, suna kallo.

Kuma kada mai kyamara ya zama sai ranar makoki ake ganinsa. Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara aikinta na Bits of Borno a 2015 don ta gaji da ganin garinsu a matsayin wurin bam kawai. Ta riƙa ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da angwaye, duniya kuma ta tsaya ta duba. Wanda ya ɗauki masu yankan rake a Makarfi, da kwandunan tumatur a Ikara, da matan da suka gudo daga ƙauyukan Giwa suna sake kafa rayuwa a gidajen 'yan'uwa, shi ma tarihin wannan yaƙi yake rubutawa, domin yana nuna abin da ake ƙoƙarin ƙwace mana.

Zariya ce ta haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Kaduna ta haifi New Nigerian a 1966. Yankin da ke da wannan gado bai kamata ya rasa masu ba da shaida a kan abin da ke samunsa ba. Ina kira ga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Najeriya reshen Kaduna, da sashen koyar da aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su fito daga birni su zo Ikara da Makarfi da Hunƙuyi, su tara samari da 'yan matan da dama su ke fara ɗaukar hoto da waya, su koya musu rubuta rana da wuri, da rufe fuskar da ya kamata a rufe, da tsayar da jini. Masu gidajen jarida kuma kada su sake tura kowa daji ba inshora, kuma su biya ɗan ƙauyen da suka yi amfani da hotonsa. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in hoton gawa ya shigo wayarka, kafin ka tura wa kowa, tambayi wanda ya turo maka: wa ya ɗauka, a ina, kuma yaushe? In ba shi da amsa, bar shi ya tsaya a kanka.